Kacici-kacicin Jaridun Ingila Mai Tsokana: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Warware Shi

Wasan cike gidaje da kalmomi iri biyu ne a jaridun Ingila. Akwai na kai tsaye, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. Akwai kuma wanda suke kira cryptic crossword, inda kowace tambaya zaurance ce, kuma shi ne abin da za mu yi magana a kai, musamman irin wanda mai shirya shi ya cusa wa tsokana da ɗan rashin kunya. A nan "allo" na nufin zanen gidajen, "ishara" kuma jimlar da ake ba ka don gano kowace kalma. Misalan Hausa mu muka shirya su domin a ga yadda dabarar ke aiki.

Mene ne ainihin bambancinsa da na kai tsaye?

Kowace ishara tana faɗa maka amsa sau biyu. Sashe ɗaya ma'ana ce irin ta ƙamus, kuma kusan kullum tana zaune a farkon jimla ko a ƙarshenta, ba a tsakiya ba. Sauran jimlar umarni ne na yadda za ka gina kalmar harafi bayan harafi. Gwanintar mai shiryawa ita ce ya ɗinke sassan biyu su zama jimla guda mai ba da wani labari daban, wanda ba ruwansa da amsar.

Duba wannan: "Kare ya haukace, ga abin sha mai zaƙi (4)". Babu mahaukacin kare a ko'ina. "Ya haukace" umarni ne cewa a hargitsa haruffan KARE, "abin sha mai zaƙi" kuma ita ce ma'ana. Amsa RAKE. Da zarar mutum ya daina kallon karen ya koma kallon haruffansa huɗu, ya fara wasan.

Yaya allon yake, kuma me lambobin da ke ƙarshen ishara suke nufi?

Allon jaridun kullum gidaje 15 ne a kwance, 15 a tsaye, kuma yakan ɗauki kalmomi wajen 28 zuwa 32. Baƙaƙen gidajen a tsare suke, ta yadda ko ka juya allon kansa ƙasa zanen bai canja ba. Kusan rabin haruffan kowace kalma ne suke haɗuwa da wata kalmar, sauran kuwa sai dai ishara ta ba ka su. Wannan ya sa ya bambanta da na Amurka, inda kowane harafi yake da mahaɗa.

Lambar ƙarshe yawan haruffa ce. Idan ka ga (5,4), kalmomi biyu ne, ta farko haruffa 5, ta biyu 4. Idan (3-4) ne, akwai karan ɗori a tsakani. Ja ɗan layi mai kauri a allon daidai inda kalmar farko ta ƙare, yana taimaka wa ido ƙwarai.

Waɗanne dabaru ne ake ginawa da su?

Ba su da yawa, kuma kowace tana da kalmomin da ke tona ta.

Hargitsa haruffa ita ce wadda muka gani a RAKE. A Turanci duk kalmar da ke nuna ɓaci, maye, hauka, karyewa ko motsi tana iya zama alamarta: drunk, broken, upset, dancing, out, da ɗaruruwan irinsu. Sharaɗin shi ne haruffan da za a hargitsa su kasance a rubuce cikin isharar, kuma yawansu ya yi daidai. Idan amsa haruffa 9 ce, ka nemi kalma ko kalmomin da ke maƙwabtaka da alamar waɗanda jimillarsu 9 ce.

Ɓoyayyiyar kalma ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi ba gwanaye kunya, don amsar tana gabansu a rubuce. "Birni a cikin duka nonon da aka kawo (4)": du-KA NO-non, wato KANO. Alamunta su ne in, some, part of, held by.

Jerawa: a kawo gutsattsari a ɗora su bi da bi. "Soma da wancan mutum, kuɗin kaya (7)". Soma shi ne FARA, wancan mutum SHI, sun ba da FARASHI. Wannan sau da yawa ba ta da wata alama ko kaɗan, shi ya sa take wahalar ganewa.

Cusawa: wata kalma ta shiga cikin wata. "Bijimi ya faɗa ƙasan ciki, ga abin gasawa da damina (6)". SA a cikin MARA ya ba da MASARA. A kula da wanda ya shiga da wanda aka shiga, domin alamun iri biyu ne. Entering, wearing da in suna cewa na farko ne a ciki. Eating, holding, swallowing da about suna cewa na farko ne a waje.

Juyawa: a karanta daga ƙarshe. "Umarni ya juyo, ya zama kwalliya (3)": ODA ta koma ADO. A kalmar da ke kwance za ka ga back, returning ko going west. A wadda ke tsaye kuma up, rising ko climbing. Mai shiryawa na kirki ba zai sa up a kalmar kwance ba.

Yankewa: "Ɗora tsuntsuwar gida da aka cire wa kai (3)". KAZA ba K, saura AZA. Headless na cire harafin farko, endless da briefly na cire na ƙarshe, heartless na tsakiya.

Ma'ana biyu: gajeriyar ishara mai kalmomi biyu zuwa huɗu yawanci ita ce. "Wahala inda ake rataya sarƙa (4)" WUYA ce ta fuska biyu.

Saura kama da sauti, inda ake furta amsa kamar wata kalmar amma rubutunsu ya bambanta, mai alamun we hear, reportedly, on the radio. Sai ɗaukar haruffan farko na jerin kalmomi, mai alamun initially da at first, da tsallaken harafi ɗaya-ɗaya, mai alamun oddly da regularly. Ishara guda tana iya haɗa uku daga cikin waɗannan.

To ina tsokanar take shigowa?

Wuri biyu. Wani lokaci jimlar ce ke nuna kamar za a yi batsa, amsar kuwa ta fito tsaf ba ruwanta. Wani lokaci kuma jimlar ce mai kamun kai, amsar ce ta banɗaki. Na biyun ya fi daɗi, kuma ya fi yaudarar baƙo, domin hankalinsa ba ya zuwa wurin.

"Ladies seen in balloon (3)" tana nuna mata a cikin balan-balan ɗin da ke tashi sama. Amma a Ingila Ladies shi ne abin da ake rubutawa a ƙofar bayin mata, kuma a tsakiyar balloon akwai LOO, sunan da suke kiran bayi. Haka "Bishop and artist, one providing uplift (3)": B shi ne bishop a wasan dara na Turawa, RA mai zane ne ɗan Royal Academy, wato ƙungiyar masu zane ta Ingila, an sami BRA, rigar mama. Limamin coci da ɗaga ruhi duk ado ne.

Akwai 'yan kalmomin da ya kamata a haddace don irin wannan allo. Supporter sau da yawa BRA ce, ko TEE, ɗan abin da ake ɗora ƙwallo a kai a wasan golf. Gents, john, can da convenience duk bayi ne. Behind, bottom, seat da rear suna kaiwa ga BUM ko ASS. Pants kamfai ne, amma a bakin 'yan Ingila yana nufin abin banza, saboda haka ana amfani da shi a matsayin alamar hargitsa haruffa. It da SA suna tsayawa a madadin farin jinin da ke jan sha'awa. Yawancin abin bai wuce barkwancin 'yan makaranta ba. Wanda ya wuce nan yana mujallar Private Eye, kuma wanda ba ya son irinsa gara ya kauce mata.

Ku feɗe mana ishara guda daga farko har ƙarshe.

Ga ta: "Skewer politician caught in a lie, squirming (6)". A zahiri tana cewa a tsire ɗan siyasar da aka kama da ƙarya yana mutsu-mutsu.

Fara da gefuna biyu, domin ma'ana tana ɗaya daga ciki: ko skewer, ko squirming. Squirming kalmar motsi ce, ta yi kama da alamar hargitsawa, don haka sai a ɗauki skewer a matsayin ma'ana, na wucin gadi. Me ke kusa da squirming? A lie, haruffa 4. Amsa 6 ce, saura 2. Politician mai haruffa biyu shi ne MP, ɗan majalisar dokoki. Caught in na cewa MP zai shiga cikin hargitsattsun A, L, I, E. Gwada I a gaba, MP a bayansa, sannan ALE: IMPALE, wato a soke da tsinke. Ya dace da skewer, kuma dukansu aikatau ne a siga ɗaya.

Yanzu a bi jimlar a tabbata babu kalmar da ta zauna banza. Skewer ma'ana, politician MP, caught in cusawa, a lie kayan gini, squirming hargitsawa. Ko ƙaramin a ɗin nan yana da aiki, shi ya ba da harafin A. Tarkon da ke ciki shi ne caught, domin a wasan kurket caught na nufin C, kuma tana iya zama alamar kama da sauti. Wanda ya bi ɗayan waɗannan zai ɓata lokaci yana neman kalma mai C.

Me ya sa sailor ke zama AB, love kuma O? Wa ya yanke haka?

Ba mai shiryawa ne ya ƙaga ba, gajerun rubutu ne da ke cikin ƙamus, kuma mafi yawansu daga rayuwar Ingila ta da suka fito. AB muƙamin matuƙin jirgin ruwa ne, TAR ma tsohon sunansa ne. Love sifili ne a wasan tanis. Daga kurket aka sami duck, wato fita ba ci ko ɗaya, a matsayin O, runs R, bowled B, over O, leg kuma ON. Daga soja aka sami RE na injiniyoyi, RA na 'yan igwa, OR na ƙananan sojoji, wanda ake nunawa da men kawai. Learner L ce, irin wadda ake liƙa wa motar mai koyon tuƙi. Doctor na iya zama DR, GP, MO ko MB, kuma yana iya zama umarnin a hargitsa. Books OT ne ko NT, sassan Baibul biyu. The French LE ne, LA ko LES. Lambobin Rumawa kullum suna nan: five V, ten X, fifty L, hundred C. Queen ta daɗe tana ba da ER, haruffan sarautar Elizabeth, kuma ba a daina ba bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022, sai dai yanzu king na iya ba da CR, na Sarki Charles.

Akwai wata muguwar al'ada kuma ta karanta kalma a gurguje. Flower ba lallai fure ba ne, yana iya zama flow-er, abin da ke gudana, wato kogi. Number na iya zama numb-er, abin da ke kashe zafi, wato allurar barci. Banker ma kogi ne, tunda yana da gaɓa.

Ta ina zan fara idan na buɗe sabon allo?

Da fensir mai magogi, ba biro ba. Karanta isharori duka sau ɗaya, kada ka tsaya kan kowace fiye da rabin minti. Abin da kake farauta a zagayen farko uku ne: ɓoyayyiyar kalma, wadda yawanci ba ta wuce ɗaya ko biyu a allo, hargitsawa, da gajerun isharori masu ma'ana biyu. Hargitsawa tana tona kanta da baƙuwar kalma, kamar sunan mutum ko gari da aka jefo ba dalili. An kawo shi ne don haruffansa.

Rubuta haruffan da za a hargitsa a da'ira a gefen takarda, wasula a tsakiya, baƙaƙe a kewaye. Muddin suna jere yadda aka ba ka su, ido zai ci gaba da karanta tsohuwar kalmar. Nemi ƙarshe irin su ING, TION, ED, ka ware su, sauran su ragu.

Daga nan ka bi mahaɗa. Harafin farko na kalma ya fi na tsakiya amfani nesa ba kusa ba, shi ya sa kalmar sama ta kwance da ta hagu ta tsaye suka cancanci ƙarin lokaci. K, V ko W guda ya fi E uku. Idan ka cije, ajiye takardar ka yi wani abu. Ƙwaƙwalwa takan saki karatun farko da ta riƙe, ka dawo ka ga abin a fili.

Amsata ta shiga gidajen daidai, amma kusurwar ta ƙi cika. Me ya faru?

Kusan kullum ka rubuta kalmar da ta dace da ma'ana kaɗai, ba ka bi ginin haruffanta ba. Kalma guda ta kuskure tana lalata uku ko huɗu da suka ratsa ta. Koma kan duk amsar da ba za ka iya bayanin kowane harafinta ba, ka goge ta.

Sai a duba siga. Idan ma'ana jam'i ce, amsa jam'i ce. Idan ta ƙare da ED, amsa ma aikin da ya wuce ne. A yi hattara da put, set, cut da read, waɗanda sigarsu ta yanzu da ta da iri ɗaya ce, masu shiryawa suna son su saboda haka. Rubutun Ingila ake bi, COLOUR da U, CENTRE da RE.

Juyawa da kama da sauti suna da nasu ciwon. Idan alamar ta faɗo a tsakiyar jimla, ba a san wane gefe take aiki a kai ba: STAR ne ko RATS, NIGHT ne ko KNIGHT. Yawan haruffa ko mahaɗa ne za su raba gardama. Kama da sautin kuma da lafazin kudancin Ingila ake auna shi, inda court da caught suke fita iri ɗaya. 'Yan Scotland sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, don su suna furta R ɗin.

Alamar tambaya, waƙafi da manyan haruffa suna da ma'ana?

Waƙafi, aya da ɗigo-ɗigon da ke haɗa ishara da ta gaba yawanci ado ne, a yi kamar babu su. Kalmomi biyu da suka saba tafiya tare ma a raba su, domin sau da yawa tsakaninsu ne ma'ana ta rabu da gini. Alamar tambaya kuwa gaskiya take faɗa: ko dai akwai barkwanci, ko ma'anar misali ce kawai, kamar a ce Rover?, sunan da ake yawan sa wa kare, ana nufin DOG. Perhaps da say ma aikinsu ke nan.

Doka ta yarda a ƙara wa kalma babban harafi don yaudara, amma ba ta yarda a cire wa sunan yanka nasa ba. Shi ya sa ake ɓoye sunaye a farkon jimla. Nice a farko na iya zama birnin nan na Faransa, Polish kuma ba a san ko mutumin Poland ba ne ko goge takalmi.

Wane ne Spooner da ake ta ambata?

William Archibald Spooner malamin coci ne, shugaban New College a Oxford, ya rasu a 1930. An san shi da musanya sautin farkon kalmomi biyu. Idan ka ga sunansa, nemi kalmomi biyu ka musanya kawunansu: belly jeans ya koma JELLY BEANS. Sauti ake bi, ba rubutu ba. Masu tsokana suna ƙaunarsa, don yana ba su damar sa ka furta abin da ba za a buga a jarida ba.

Akwai dokoki, ko kowa abin da ya ga dama yake yi?

Akwai. Wasan cike gidaje ya fara ne a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, daga hannun Arthur Wynne, haifaffen Liverpool. Ingila ce ta mayar da shi zaurance. Edward Powys Mathers, mai laƙabin Torquemada, ya riƙe na jaridar Observer daga 1926 zuwa 1939, The Times kuma ta fara nata a 1930. Wanda ya gaji Torquemada, D. S. Macnutt mai laƙabin Ximenes, shi ya tsara ƙa'idojin adalci a littafinsa na 1966. Tushensu maganar A. F. Ritchie ce, wanda ake kira Afrit: ba dole mai shiryawa ya nufi abin da jimlarsa ta nuna ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Babban haramun shi ne a sa ka nemo wata kalma da kanka sannan ka hargitsa ta.

Wasu suna sassautawa. John Graham, malamin coci da ya yi suna da Araucaria a Guardian, yakan karya ƙa'ida idan abin dariyar ya kai. Shi ne ya sanar da masu bin sa cewa yana da ciwon daji ta cikin amsoshin allonsa, ya rasu a Nuwamba 2013. A ganinmu sassauci ba laifi ba ne muddin mai warwarewa, bayan ya ga amsa, zai ce an yi masa wayo, ba zalunci ba.

Su wa suka fi tsokana, kuma wanne ya dace da mai koyo?

A Guardian, Paul, wato John Halpern, shi ne sarkin barkwancin banɗaki, kuma shi ne Punk a Independent, Mudd a Financial Times. Cyclops na Private Eye, mai fitowa duk mako biyu, yana haɗa batsa da zagin 'yan siyasa, kuma sai ka san laƙabobin mujallar: Brenda Sarauniya Elizabeth ce, don haka ER. The Times ba ta sa sunan mai shirya babban allonta, kuma ta fi kamun kai.

Mai koyo ya fara da Quiptic na Guardian, Everyman na Observer, ko Quick Cryptic na The Times mai gidaje 13 kowane gefe. Azed da Listener, allunan gwanaye masu tsananin wuya, a bar su tukuna.

Duba ƙamus ha'inci ne?

A gasa, i. A gida, a'a. Chambers shi ne wanda masu shiryawa suka fi dogara da shi. Abin da ke hana ci gaba shi ne a ga amsa a wuce ba a gano yadda aka gina ta ba.

Ana iya shirya irinsa da Hausa?

Ana iyawa, kuma ta wani fannin Hausa ta fi sauƙi. Tunda ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, kalmomi masu ma'ana biyu sun yi yawa: gari, fari, wuya, kai, sa. Juyawa ce ke wahala, don yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, in an juya su sai su ƙare da baƙi. Dole kuma a yanke shawara tun farko a rubuta ta a saman allo: SH da TS gida ɗaya za su ci ko biyu, kuma K da Ƙ, D da Ɗ, B da Ɓ ba za su haɗu a gida guda ba. Masu shirya na harshen Welsh gida ɗaya suke ba tagwayen haruffansu, 'yan Holand ma haka suke yi wa IJ.

Yaya zan rubuta bayanin amsa don wani ya gane?

Kawo isharar yadda take, ka ja layi a ƙarƙashin ma'ana. Rubuta amsa da manyan haruffa, sannan gutsattsarin bi da bi, kowanne da kalmar da ta haife shi. Al'ada ita ce tauraro yana nuna hargitsawa, alamar tarawa jerawa, kibiya mai kallon hagu juyawa, haruffan da aka yanke kuma a bar su ƙanana. IMPALE zai fito haka: MP a cikin ALIE*, ma'ana skewer. AZA kuma: kAZA. Idan akwai abin da sai ɗan Ingila zai sani, kamar Ladies a ƙofar bayi ko Brenda, ƙara jimla ɗaya a kansa. Idan wani harafi ya ƙi samun uba a bayaninka, rubuta hakan a fili, domin ko dai akwai gajeren rubutun da ba ka sani ba, ko amsar ce ba daidai ba.